Nasidi da Rumbun da Ke Rufe Kansa

A shekarar 1998, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshin Maiduguri ɗaya bayan ɗaya, an yi wani Bakano a Mafoni mai suna Nasidi. Sana'arsa gyaran rediyo da agogo da fanka, kuma ba laifi, yana taɓawa. Illarsa guda ce, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Wata safiya ya kira mai fenti ya ƙara masa layi a ƙasan allon shagonsa: Injiniyan Kwamfuta. Da maƙwabta suka tambaye shi inda ya koyo, ya ce ai kwamfuta rediyo ce da aka haɗa da talabijin da tafireta, kuma duka ukun ya sha buɗe cikinsu. Shirinsa shi ne ya gyara guda ɗaya tak a gaban jama'a, sunansa ya zaga gari, daga nan ya yi sallama da rediyo.

Ya yi wata biyu ba wanda ya kawo masa ko wayar kwamfuta. Sai ran wata Talata, wani dattijon Babarbare mai suna Ba'ana, mai gadin wata makarantar kuɗi a Lamisula, ya kawo rediyonsa gyara. Cikin hira ya ba da labarin abin da ya hana makarantarsu sakat.

Bara tambayoyin jarrabawa sun fita kafin ranar jarrabawa, har aka kori mai buga takardu. Bana sai Manasse, ɗan shugaban makarantar, ya zo hutu daga Legas, ya keɓe wani babban wuri a cikin faifan kwamfutar ofis, ya kulle shi. Duk abin da aka zuba a ciki yakan hargitse, ba mai iya karantawa sai an buɗe da kalmar sirri. Mutanen ofis suka sa wa wurin suna rumbu. Tambayoyin kowane aji suna ciki, har da taswirori da zane-zane. Kalmar sirrin kuwa mutum ɗaya ya san ta, shugaban makarantar, Mista Pindar. Manasse ya koma, ba a samun sa a waya, sai rumbun ya tsiro da sabon hali. Ana cikin fitar da takardu a firinta sai ya rufe kansa, firinta ta tsaya a tsakiyar shafi. Mista Pindar ya ɗora laifin a kan Naomi, sabuwar mai buga takardu, wai wani wuri take dannawa. Ya gaya mata idan ba a rufe tambayoyin nan a ambulan kafin tashin Juma'a ba, kada ta wahalar da kanta zuwa ranar Litinin. Ga ta da yara biyu, ga mahaifiya a Biu tana jiran hannunta.

Nasidi bai bari Ba'ana ya ƙarasa ba. Ya ture rediyon gefe, ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke.

A ofis ya tarar da Naomi ta yi tagumi, Mista Pindar yana tsaye da alli a hannu. Ya gabatar da kansa. Ya ce irin wannan ciwon ya warkar da shi ya fi a ƙirga a Kano, har akwai wani banki da suka riƙe masa riga kada ya tafi. Mista Pindar ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko ya san rumbu mai kalmar sirri.

"Yallaɓai, ni da na buɗe wanda ba shi da kalma ma."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mista Pindar ya ce kowa ya juya ya fuskanci bango. Haka dokar take. Aka juya, shi kuma ya shiga danna kalmar da yatsa ɗaya. Kalmar doguwa ce, ya yi kuskure sau biyu, kuma saboda girman rumbun sai da aka ƙara jira kafin ya buɗe. Ya gargaɗe su cewa yana da aji, kada a sake kiran sa.

Nasidi ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfutar kamar mai duba zazzaɓi, ya girgiza kai. Ya ce zafi ne. Na'ura ce 'yar ƙasar sanyi, an kawo ta Maiduguri a watan Afrilu, ko mutum ne ai sai ya rufe ƙofa. Naomi ta ce da safe ma yana rufewa, lokacin da gari bai ɗau zafi ba.

"Malama, ke bugawa kika koya. Ciki namu ne."

Ya fita ya sayo dutsen ƙanƙara guda, ya naɗe shi a buhu, ya jingina shi da kwamfutar. Aka sa firinta aiki. Ya yi ta gyara zaman ƙanƙarar, yana jan tebur, yana ture ɗan abin nan mai wutsiya da ake kira maus daga nan zuwa can don ya sami wuri. Shafi huɗu suka fita lafiya. Nasidi ya karkaɗe hannu, ya fita bakin ƙofar makaranta wurin Salomi mai sayar da shinkafa da wake, ya sanar da ita da duk mai cin abinci a wurin cewa an gama. Yana cikin faranti na biyu Ba'ana ya zo ya ce masa rumbu ya rufe.

Kafin ya koma, ƙanƙarar ta yi abin da ƙanƙara ke yi a Maiduguri. Ruwa ya bi tebur ya sauka ƙasa, ya jiƙa bandir ɗin takarda guda. Aka kira Mista Pindar daga aji. Kowa ya fuskanci bango, ƙafafu cikin ruwa, shi kuma yana danna kalma yana ɗage wando. Nasidi, fuskarsa a bango, ya ce dama gwaji ne, yanzu ya tabbatar ba zafi ba ne, saura abu ɗaya. Naomi, ita ma fuskarta a bango, ta ce da ya tambaye ta da an huta da gwajin.

Ran Laraba ya zo da sabon bayani. Wutar gari ce ba ta da ƙarfi, rumbu babba kuwa ƙarfi yake so, kamar yadda babbar mota ba ta tashi da batirin babur. Bayansa ga Umara mai walda, maƙwabcin makarantar, yana turo injinsa a kura. Nasidi ya shawo kan Umara ne da alkawarin cewa za a riƙa ambaton sunansa duk inda aka ba da labarin. Suka girke injin a baranda, jikin bangon ofis. Nasidi ya jawo waya ta taga, ya miƙa wa Naomi ya ce ta haɗa, shi zai je ya tayar.

Naomi ta dubi wayar, duk ɗauri ne da leda. Ta tuna wannan injin ƙarfe yake narkarwa. Ta tura wayar ƙarƙashin tebur, ta bar kwamfutar a jone da bango yadda take.

Inji ya tashi. Bango ya ɗauki rawa, tebur ya ɗauka, kofin shayin Mista Pindar ya fara tafiya da kansa. Hayaƙi ya shiga aji biyu. Malamin Turanci ya fito ya ce shi kansa ba ya jin abin da yake faɗa. Amma abin mamaki, firinta ta yi ta aiki, minti ashirin, minti arba'in, sa'a guda, rumbu bai rufe ba. Nasidi ya tsaya a baranda ya riƙe ƙugu, yana yi wa malamai bayanin ƙarfin wuta da ihu. Naomi kuwa, da ta san ba wutar inji kwamfutar ke sha ba, ta zuba wa fuskar kwamfutar ido. Ta ga 'yar kibiyar nan da maus ke motsawa tana karkarwa kamar mai jin sanyi.

Wajen azahar limamin masallacin layin ya aiko a tambaya ko za a bar mutane su ji kiran salla. Kafin a ba ɗan aiken amsa, man inji ya ƙare. A shekarar nan kuwa samun mai sai an wuni a layi. Umara ya leƙa tanki, ya dubi Nasidi, ya kira shi yadda Barebari ke kiran Bahaushe.

"Afuno, ƙofa biyu nake da su na mutane. Da sunan nawa zan yi waldar?"

"Haba Umara, tarihi muke kafawa."

"Kafa shi da naka man."

Ya ɗora injinsa a kura ya tafi. Ba a jima ba rumbu ya rufe. Nasidi ya ce kun gani, an cire wuta ya rufe. Naomi ta sunkuya ta jawo wayar daga ƙarƙashin tebur ta ɗaga ta sama. Malamin Turanci ya tambaya wace irin wuta ce ke bi ta iska. Nasidi ya ce akwai ta, sai dai ba a kawo karatunta nan ba tukuna.

Ana wannan Ba'ana ya leƙo. Ya ce shi ba injiniya ba ne, amma akwai abin da ya lura da shi tun kafin a fara fitar da takardu. Kowace safiya yakan shigo su gaisa da Naomi. Shi kuwa Ba'ana gaisuwarsa ba ta gaggawa ba ce. Yakan fara da wushe wushe, sannun Barebari, ya bi kwana, ya bi gajiya, ya bi zafi, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya sha ruwa, ya dawo kan gajiya. Naomi kuma yarinya ce mai tarbiyya, idan babba na gaishe ta takan janye hannu daga aiki ta haɗa su a cinya.

"To, ina kaiwa kan mutanen Biu," in ji Ba'ana, "sai ya rufe. Kullum a nan. Ran da na yi sauri na tsallake yara, bai rufe ba."

Nasidi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yanzu kuma kwamfuta ta tsani mutanen Biu. Amma Naomi ta miƙe. Ta je da kanta ta roƙi Mista Pindar ya zo ya buɗe sau ɗaya. Aka fuskanci bango. Da ya buɗe, ta cire agogonta ta ajiye a tebur, ta janye hannu, ta ce Baba Ba'ana ya gaishe ta yadda ya saba. Ba'ana ya gyara tsayuwa ya fara. Kowa ya kasa kunne. Ya bi kwana, ya bi gajiya, ya bi yara. Yana cewa ina labarin mutanen Biu, rumbu ya rufe. Minti goma cif.

Naomi ta ce ke nan idan aka yi minti goma ba a taɓa shi ba, sai ya ɗauka an tashi, ya kulle kansa. Jiya tura maus ne ya hana shi, yau girgizar inji. Ta ce a bar ta ta duba ko akwai inda aka rubuta masa hakan, in kuma babu, za ta riƙa motsa maus da hannu.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Nasidi, "sai dai na so ku gano da kanku." Ya ce amma kada ta shiga duba komai, a nan ake ɓata na'ura. Motsawa da hannu kuwa aikin ƙauye ne. Gobe zai kawo abin da zai riƙa motsa shi ba da hannun kowa ba. Mista Pindar, wanda yake ganin danne-dannen Naomi ne suka jawo komai, ya goyi bayansa, ya ce kada ta taɓa abin da Manasse ya shirya.

Ran Alhamis Nasidi ya iso da tsohuwar fanka mai juya kai, da zare, da robar tayar keke. Tun a hanya ya gayyato mutane. Salomi ta bar tukunyarta ta zo taga. Umara ya zo don ya ga ƙarshen abin da ya cinye masa mai. Malamai suka cika ƙofa. Aka buɗe tagogi duka don kowa ya gani.

Ya girke fankar tana fuskantar bango. Ya ɗaura zare daga kejinta zuwa maus, ya ɗaura roba daga maus zuwa ƙusa. Fanka ta juya hagu ta ja maus, ta juya dama roba ta dawo da shi. Gindin fankar yana ɗan rawa, sai ya waiga ya ga wani dutse a kan tebur, ya ɗauka ya danne ta da shi. Dutsen nan shi ne ke danne tambayoyin da aka samu aka fitar jiya, na aji uku, darasi uku. Naomi ta ce ya mayar. Ya ce iska bango take bugu, ta kwantar da hankalinta.

Gaskiyar magana, abin ya yi aiki. Maus ya riƙa kai da komo shi kaɗai, firinta tana ta kuka, minti goma suka wuce, sha biyar suka wuce. Salomi ta ce lallai Bakanon nan akwai kai. Har Mista Pindar ya saki fuska. Da Nasidi ya tsaya a nan, da ya ci nasara. Amma ya ga idanu a kansa, ya ga an kaɗa ƙararrawar hutun tara, ɗalibai sun fito sun taru bayan Salomi, sai ya ce wannan lamba ɗaya ce kawai. Idan ya kai fankar lamba uku, firintar ma za ta ƙara sauri.

"Injiniya, bar ta haka," in ji Naomi.

Ya murɗa.

Fankar ta zabura. Zare ya yi sako-sako, ya shiga keji, ya naɗe a wuyan farfela. Maus ya tashi sama ya bugi kejin, roba ta tsinke ta tsula wa Umara a kunne. Fankar ta ture dutsen, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci tebur. Tambayoyin aji uku suka tashi kamar an kori tattabaru, suka bi ta kan Salomi, suka fita taga, suka watsu a filin makaranta a tsakiyar 'yan aji uku.

Ba a taɓa ganin ɗalibai sun so takarda kamar ranar ba. Nasidi ya fita a guje, hula a hannu, yana bin su yana roƙo, yana cewa takardun gwaji ne, ba komai a ciki. Ya kama wannan, wancan ya wuce. Wata ɗaliba ta miƙa masa tata da ladabi bayan ta karanta ta gaba da baya, ta ce, "Injiniya, na lissafi bai fito ba. Ko za a ƙara kunnawa?" Salomi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Umara, hannu a kunne, ya bi shi yana cewa kada dai a manta da sunansa a cikin tarihin.

Ofis ya zama ba kowa sai Naomi. Karo na farko cikin kwana uku ba mai tsaye a kanta. Ta kashe fanka, ta kwance maus, ta mayar da shi wurinsa. Ta danna 'yar alamar makulli da ke ƙasan fuskar kwamfutar, ta bi rubutun a hankali layi-layi. A shafi na biyu ta ga inda aka ce rumbu ya rufe kansa idan an bar shi, an sa wa wurin alama, a gabansa an rubuta goma. Ba ta taɓa ba. Ta jira Mista Pindar ya shigo yana huci, ta nuna masa.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, lallai Manasse ya faɗa masa wani abu mai kama da haka a tasha, amma lokacin yana gaisawa da wani tsohon abokinsa. Ya ce ta cire alamar, in an gama aiki ta mayar. Ta cire. Ya leƙa taga ya hango Nasidi yana tahowa da takardu bakwai a hannu, duk sawun takalmi.

"Naomi, kada ki gaya masa."

Aka sa malamai uku su sake sababbin tambayoyi a ranar. Nasidi kuwa Mista Pindar ya ce masa tunda shi ya ɓata, shi zai gyara. Gobe tun bakwai na safe zai zauna ya riƙa motsa maus da hannunsa har a gama, idan rumbu ya rufe sau ɗaya, shi da 'yan sanda.

Haka aka yi. Ran Juma'a Nasidi ya zauna a kan benci, yatsa a kan maus, ido a kan agogon Naomi. Ita tana gefe tana jera shafuka tana cusawa a ambulan. Ba'ana ya shigo ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya miƙa masa hannu har sau uku, Nasidi yana karɓa da sauri yana komawa kan maus. Salomi ta aiko masa da abinci, ya ci da hannu ɗaya yana zubarwa. Malamai, waɗanda labari ya riga ya kai musu, suka riƙa leƙowa suna yi masa sannu da aiki, suna tambaya ko yatsan ya gaji. Ya ce su ba za su gane ba, motsin yana da ƙa'ida, ba kowane hannu rumbu ke karɓa ba.

Da lokacin masallaci ya yi, ya shiga damuwa. Saura darasi biyu. Ya roƙi Naomi ta riƙe masa, ya nuna mata yadda ake yi, hagu sau biyu dama sau ɗaya, ya sa ta maimaita. Ana sallamewa ya taho da sassarfa, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya shigo ya tarar da Naomi can ƙarshen ɗaki tana liƙe ambulan, Mista Pindar yana sa hannu, malamai sun jeru a bango, maus yana zaune shi kaɗai, firinta tana fitar da shafin ƙarshe.

Ya tambaya tun yaushe aka bar shi. Ba'ana ya ce tun fitarsa.

Nasidi ya dubi maus, ya dubi yatsansa, ya dubi fuskokin da ke jiran sa. Ya gyara zaman hularsa.

"To, alhamdu lillahi. Kwana huɗu kacal, na koya masa zama shi kaɗai."

Mista Pindar ya bari dariya ta lafa. Ya karɓi ambulan ta ƙarshe daga hannun Naomi, ya sa a kabad ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"'Yata, ranar Litinin ki zo da wuri. Akwai na aji ɗaya da za a raba."

Iyakar abin da ya faru ke nan a Lamisula. Wanda ya ji ana ba da shi daban a Mafoni, ya san daga bakin wa ya fito.